Fankar da Yaya Ya Zaɓa da Kunne

Yayanmu ya shekara ashirin da huɗu yana gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki kafin idonsa ya tafi. Shi ne babba a gidanmu, ni ce auta, tsakaninmu shekara goma sha uku, don haka tun da na yi wayo na san shi da warin gas a riga da baƙin mai a ƙarƙashin farce. Shagonsa a bakin titi yake, tsakanin mai walda da mai sayar da tayoyi, wani matsattsen wuri da sai mutum ya karkace yake shiga. Duk layin Mai Firij ake kiransa, har Ummanmu idan ta so tsokanarsa.

Da kunne ya yi suna. A sauke firij daga mota, a jona masa wuta, mai shi ya ɗauko dogon bayani, sai Yaya ya ɗaga masa hannu alamar ya dakata. Ya manna kumatu a bayan firij ɗin, ya yi shiru kamar wanda ake raɗa wa sirri, can ya miƙe ya ce kwampreso lafiyarsa lau, fanka ce ta gaji. Da wuya a buɗe a tarar ba haka ba ne.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne Yaya ɗan gani-kashe-nin gem ne, wato wasan bidiyo. A ƙuryar shagon yana da tsohuwar talabijin da na'urar gem, idan kasuwa ta lafa da rana sai ya kira mai walda su zauna kan galan-galan na fenti su yi ta dambe a allo. Ba ya son na ƙwallo, ba ya son na mota, na faɗa kawai, inda mutum biyu ke tsayawa ɗaya a dama ɗaya a hagu su yi ta naushin juna har ɗaya ya faɗi. Da ya yi aure, matarsa, wadda muke kira Anti, ta ɗauka abin zai wuce. Har 'yarsu ta shiga jami'a bai wuce ba.

Ciwon idon a hankali ya zo, ta gefe-gefe yana matsowa tsakiya. Kusan shekara biyu yana ɓoye mana, yana aiki da hannu da kunne ba wanda ya gane, sai ranar da ya miƙa wa wani kwastoma hannu su gaisa alhali mutumin yana tsaye can wani gefen. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Ya bar wa wani abokin sana'arsa shagon, ya dawo gida.

Bai yi kuka ba, bai yi ƙorafi ba, a gabanmu dai. Shiru kawai ya ƙaru. Mutumin da ba a raba shi da barkwanci sai ya koma zaman kujera ɗaya a falo, rediyo a gefe, hannuwansa a kan gwiwa suna motsi kamar suna neman abin kamawa. Idan zaman ya ishe shi sai ya faɗa wa kayan gida. Wata rana Anti ta dawo daga kasuwa ta tarar ya janyo firij ɗinta tsakiyar kicin ya cire murfin baya, alhali lafiyarsa ƙalau. Ta kira ni a waya tana dariya, amma kafin mu gama magana muryarta ta canza. Na'urar gem ɗin kuwa ƙarƙashin gado ta tura ta, don kada ya ci karo da ita.

A shekara ta uku da dawowarsa gida 'yarsa ta matsa masa ya shiga wata cibiya da ake koya wa masu lalurar gani amfani da waya da kwamfuta, ta hanyar manhajar da ke karanta wa mutum abin da ke kan allo. Ya je ne don kada ya ɓata mata rai. Malaminsu shi ma ba ya gani, kuma a cikin hira ya ambata cewa yana buga gem ɗin faɗa da kunne. Ya ce idan abokin karawa yana dama, takunsa ta kunnen dama yake zuwa, tsalle da ƙararsa, kare duka da tasa daban. Yaya ya dawo gida bai gaya wa kowa ba. Sai bayan mako guda ya kira ni ina wurin aiki, ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar mijina da ta yara, sannan ya ce ko kwamfutar nan tawa ta tafi-da-gidanka za ta iya ɗaukar gem.

Ranar Asabar na kai masa ita. Na saka gem ɗin, na ba shi iyafis ɗin wayata, Anti ta zaro masa fad ɗinsa na da, wato abin da ake riƙewa ana dannawa. Yatsunsa ba su manta komai ba. Amma ba a yi minti goma ba kwamfutar ta ɗau zafi, fankarta ta fara ihu kamar injin niƙa, kuma duk zagayen da ya shiga sai an kayar da shi. Na zaci zai ajiye ya ce a bar maganar. Sai ya cire iyafis ɗin, ya tura hannu ƙarƙashin kwamfutar, ya shafa gefenta.

"Auta, wannan ba laifin idona ba ne," ya ce. "Ina jin takun mutumin, sai wannan abar ta rufe shi da surutu. Shaƙewa take yi. Wanda ya ƙera ta bai bar mata hanci ba."

Ranar ne na ji muryarsa ta shago ta dawo. Kafin in tafi ya yanke shawara za mu haɗa tasa, babba, ta kan tebur, guntu-guntu, yadda zai san duk abin da ke cikinta.

Akwai wani bene a tsakiyar gari da duk shagunansa kayan kwamfuta ne. Aka tura mu wurin wani da ake kira Dogo a hawa na biyu, mutum mai fara'a da saurin baki, shagonsa cike da kwalaye har rufi, kiɗa na tashi. Da ya ga sandar Yaya sai ya juyo gaba ɗaya wurina, yana tambaya ko ɗana zan haɗa wa. Yaya ya bar shi ya gama, sannan ya ce shi ne mai sayen, ni rakiya na yo. Dogo ya ba da haƙuri, ya janyo masa kujera.

Manyan kayan ba su ɗauke mu lokaci ba. Allon da ake dasa komai a kansa, ƙwaƙwalwar, katin hoto, duk Yaya ya bar wa Dogo zaɓi. A kan katin hoto ma cewa ya yi a ba shi wanda zai ja gem ɗin ba tuntuɓe, kyan hoton kuma sadaka ce ga duk wanda ya zauna kusa da shi. Dogo ya fara murna zai sallame mu da wuri. Bai san a kan sanyaya da sauti sai mun yi sawu uku ba.

Da aka zo kan akwatin, Dogo ya nuna mana wani mai gilashi gaba da gefe, fitilu ja da shuɗi suna yawo a ciki. Na kwatanta wa Yaya. Ya tambaya ko fitilun suna rage zafi, aka ce a'a, ya ce to a ajiye wa masu ido. Ya shafa gaban akwatin ya ji a rufe yake ruf, iska sai ta wata siririyar tsaga take shiga. Ya sa aka sauko da wani baƙi marar ado, wanda gabansa raga ce tun daga sama har ƙasa. Ya hura iska da baki ta ragar, ya tara tafin hannu ta ciki, ya ce wannan yana numfashi.

Sai maganar abin da zai zauna kan ƙwaƙwalwar ya zuƙe mata zafi. Dogo yana alfahari da mai ruwa: bututu biyu, ɗan famfo, da lagireto kamar na mota. Ya ce shi manyan 'yan gem ke sawa. Akwai ɗaya a jikin kwamfutar shagon, Yaya ya roƙa a kashe kiɗa a rufe ƙofa, ya kai kunne ya daɗe. Da ya ɗago ya ce ba ya kushe shi, yana aikinsa da kyau, amma famfon yana wani siririn kuka da ba ya yankewa, kuma shi ba ya son ruwa a cikin akwatin wuta. Dogo ya ce ai da wuya irin wannan ya yi yoyo.

"Na yarda da wuya," in ji Yaya. "Amma ni duk tsawon sana'ata abin da ake cewa da wuya shi ake kawo mini. Kai idan ya ɗiga za ka gani. Ni sai dai hancina ya gaya mini, lokacin kuwa an gama."

Mai iska ya zaɓa, wani ƙaton tulin siraran faranti na alminiyam da bututun jan ƙarfe shida suka ratsa. Ya bi bututun da yatsa, ya goga farce a gindinsa don ya ji ko sumul yake, ya auna nauyinsa a hannu yana murmushi. Wai wannan ƙanin abin da ke bayan firij ne, sun san juna.

Zaɓen fankoki shi ya cinye sawu na biyu gaba ɗaya. Dogo ya jera guda bakwai a kan kanta yana jona su ɗaya bayan ɗaya, Yaya yana kai kunne, yana tara bayan hannu don ya ji ƙarfin iskar. Ƙananan duk ya ture su gefe. Ya ce ƙaramar fanka sai ta yi gudu kamar za ta tashi sama kafin ta ture iskar da babba za ta ture tana tafiyar ƙasaita, kuma gudun ne ke kawo kukan. A cikin manyan akwai wadda Dogo ya fi yabo, sabuwa fil daga kwali. Yaya ya ce tana ƙyas-ƙyas a ciki, ba za ta shekara ba sai ta fara gurnani. Dogo ya rantse ba ya jin komai. Yaya ya ce ya kwantar da ita a kan kantar, ya sa kunne a jikin katakon. Dogo ya sunkuya da tsawonsa duka, ya yi jim, ya ɗago yana kallona kamar ni na shirya abin. Daga ranar ya daina ce masa Yallaɓai ya koma Oga, kuma da ya hango mu yake kashe kiɗan da kansa.

Uku muka ɗauka, biyu a gaba su janyo iska, ɗaya a baya ta fitar. Yaya ya ce a bar mai shiga ta fi mai fita yawa, don iska ta riƙa turowa waje ta kowace tsaga, ƙura ta rasa ta inda za ta saci hanya.

A teburin cin abinci na Anti muka haɗa ta, da hantsi, ni ina karanta takarda ina faɗin ramin da kowane abu zai shiga, shi yana ɗaurewa. Akwai wani mai mai kauri da ake ɗigawa tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen sanyayawa. Na matsa shi kamar ina sa man goge baki. Yaya ya ji yadda na daɗe ina matsawa, ya ce in goge in sake, kamar ƙwayar wake ɗaya ya isa, ba burodi muke shafawa ba.

Anti tana tsaye a kansa da tocila. Shekara da shekaru ita ke riƙe masa idan yana gyara a gida, hannunta ne ya ɗauko ba tare da ta yi tunani ba. Na ga lokacin da ta tuna ba ya gani, fuskarta ta faɗi, ta kai yatsa za ta kashe. Yaya dai ya ji ƙarar kunnawar tun farko. Bai ɗago kai ba ya ce, "Uwargida, ɗan matso da hasken nan ta hagu." Ta matso da shi. Haka ta riƙe har muka gama, yana ce mata sama kaɗan, ƙasa kaɗan.

Da muka kunna, ni da Anti muka zuba wa allo ido, shi kuwa ya zagaya akwatin da tafin hannu. A baya ya tsaya. Ya ce wannan fankar ciki take hurawa ba waje ba, waye ya ɗaura ta. Ni ce. Ya ce ba komai, shi ma ya taɓa yi wa wani mai otal haka yana sabon shiga, ya sha zagi na kwana uku. Muka juya ta. Bayan nan sai ka kasa kunne sosai za ka san kwamfutar a kunne take.

Sawu na uku na sauti ne. Ba lasifika yake so ba, domin yana buƙatar dama daban hagu daban, ba su gauraye a ɗaki ba. Hedifon yake nema, irin mai kama kai ya rufe kunne. Dogo ya fara ba shi wanda matasa suka fi saye, mai rugugi. Yaya ya ɗan saurara ya cire, ya ce wannan ganga yake kaɗa masa, shi kuwa takun ƙafa yake nema. Wani ya yi masa nauyi, wani sosonsa ya sa shi gumi. A ƙarshe saura biyu. Ɗaya bayansa a rufe yake, idan ka sa shi duniya ta ɗauke ɗif. Ɗayan bayansa raga ne, sauti yana shiga yana fita. A cikin hayaniyar benen nan, janareta na ƙara ana ta ciniki, mai rufin ne ya yi nasara ba gardama. Shi muka kai gida.

A gida Yaya ya ce akwai wani zuu a ƙarƙashin sautin, yana ƙaruwa idan faɗa ya yi zafi. Ni sai da na riƙe numfashi sannan na ji. Ya bi wayar da yatsa daga ramin hedifon na gaban akwatin, ya tarar ta bi ta gefen katin hoto, ya ce hayaniyar wuta take kwasowa a hanya. Dogo ya aiko mana da wani ɗan akwatin sauti da ake jonawa daga waje, girman sabulu, mai abin murɗawa a sama. Zuu ɗin ya ɓace. Abin murɗawar kuwa ya fi komai burge Yaya, don ba sai ya nemi wani ya rage masa ƙara ba.

Mako biyu Anti tana ba ni labari a waya. Ya fara cin zagaye, ya fara cin wasa, ya kara da malaminsu ta intanet an lallasa shi ya tashi yana dariya.

Sai wata Laraba da la'asar Umma ta kai musu ziyara ba sanarwa. Anti ba ta gida. Umma ta yi sallama sau uku ba amsa, ta tura ƙofa ta same shi a falo, hedifon a kai, yana cije leɓe yana karkata jiki. Ta zauna a kujerar gefensa, ta yi kusan rabin awa tana kallonsa. Da za ta miƙe sai ta dafa gwiwarsa. Yaya ya zabura, fad ya faɗi ƙasa, ya kai hannu da ƙarfi har ya bige nata kafin ya gane ko wace ce.

Umma ba ta ji haushi ba ko kaɗan. Ta ce rabon da ta ga fuskarsa haka tun yana shago, shi ya sa ta ƙi katse shi, ta kuma tambaya ko wannan na daman da yake ta duka wani laifi ya yi masa. Amma shi abin ya tsaya masa a rai. Ya naɗe wayar hedifon ya mayar kwali, kwana huɗu bai kunna kwamfutar ba. Anti ta kira ni, na je bayan an tashi daga aiki, na same shi a tsohuwar kujerarsa da rediyo. Na fara cewa ai Umma ta ce ba komai, ya tare ni.

"Ido ya rufe ba da sona ba, Auta. Kunnen kuma ni na rufe shi da hannuna. Mahaifiyata ta yi sallama a gidana sau uku. Da faɗuwa ta yi a bakin ƙofa fa? Da Antinki ce ta kira ni daga kicin?"

Sai na tuna masa da ɗaya hedifon ɗin, mai raga, wanda muka baro a shago. Yaya ya ce ai wannan komai shiga yake yi. Na ce to ai abin da yake nema ke nan yanzu. Ya juyo da fuska wurina, ya ce ashe karatun da aka sa ni bai tafi a banza ba.

Dogo ya karɓi na farkon ya ba mu mai raga. A gida abin ya bambanta da na shago. Falon Yaya ba janareta ba ciniki, kwamfutar kuma da ƙyar ake jin numfashinta, don haka ba abin da ke shigowa ta ragar sai gidan kansa: cokali a kicin, ƙofa, takun Anti. Ya ce sautin gem ɗin ma ya fi buɗewa, kamar an fito da shi daga cikin kansa an shimfiɗa a ɗaki. Abu ɗaya ya rage. Idan faɗa ya daɗe fankokin sukan ƙara gudu farat ɗaya, kuma yanzu yana jin su. Muka zauna wata Asabar, ni a gaban allo ina faɗa masa lambar zafin ina saita gudunsu, shi hannu a bayan akwati. Ya fi so su tsaya a gudu ɗaya ko da ƙwaƙwalwar za ta ɗan fi ɗumi, don a cewarsa kunne yana mantawa da ƙarar da ba ta canzawa, mai hawa da sauka ce ke damunsa.

Abin da ba wanda ya zata shi ne Anti. Shekara ashirin da wani abu tana ɗaukar gem shirme, sai ga shi tun da aka kawo mai raga ta fara zama gefensa da ɗinkinta, suna hira yana wasa. Daga hira ta fara ce masa ya yi hankali ga mutumin nan zai yi tsalle, ya ce ya ji, ba ya son taimako. Wata rana ta ce ya ba ta ta gwada. Ya sa aka lalubo fad na biyu.

Ba ta iya ba, dannawa kawai take yi ba tsari, amma ta gano wata dabara. Da zarar ya matse ta a lungu sai ta ɗauko labari, ko ya ji abin da ya faru a gidan maƙwabta, ko wai 'yarsu ta yi waya ta ce akwai wani da take so ta kawo ya gaishe su. Yaya ya ɗan karkata kunne, ita kuma ta zabga masa naushi. Ya kai mini ƙara a waya har wurin aiki, wai wannan zamba ce, in yi mata magana. Na ce ya koma wa mai rufi mana. Ya ce a'a, a dai yi mata magana.

Makon jiya na je na same su a tsakiyar karawa. Sun buga huɗu, kowa ya ci biyu. A na biyar ya kai ta bango, ta gyara murya ta ce ashe ba ta ƙarasa masa ba, wannan yaron da 'yarsa ta ce. Yaya ya ce ba zai saurara ba, ya ci gaba da dannawa har ya gama da ita tas. Sannan ya ajiye fad, ya zame hedifon zuwa wuya, ya juyo wurinta.

"To, yanzu gaya mini. Ɗan gidan waye, kuma me yake yi?"